Datsun ɗin da Baba ya bari: a tashe ta ko a sallama wa 'yan gwangwan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mota Datsun 120Y da ya saya sabuwa a 1977. Ta fi shekara 20 a ajiye a garejin gidanmu. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, yayyena sun ce a sallama tunda kamfanin ma ya mutu, ba za a sami kayan gyara ba. Ni dai zuciyata ba ta so. Shin da gaske karyewa kamfanin ya yi? Wani kuma ya ce mini Datsun da Nissan abu ɗaya ne. Idan na ce zan tashe ta, asarar kuɗi zan yi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗana, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ɗauki tocila ka je garejin. Ɗaga bonet, ka duba jikin ƙarfen da ya raba injin da mazaunin direba. Akwai wani ɗan faranti na alminiyum da aka liƙe a wurin. Goge ƙurar da yatsa ka karanta, za ka ga sunan Nissan Motor a rubuce. Gani ya kori ji. Wanda ya ce maka abu ɗaya ne bai yi ƙarya ba. Kamfanin da ya ƙera motar babanku yana nan da ransa a Yokohama ta ƙasar Japan, sunan Datsun kawai ya janye daga kasuwa, da hannunsa kuma, har sau biyu.

Abin mamakin shi ne sunan ya girmi Nissan ɗin kansa. A 1911 wani injiniya mai suna Masujiro Hashimoto ya buɗe ƙaramar masana'anta a Tokyo, a 1914 ya fito da motar da ya kira DAT, daga haruffan farko na sunayen mutum uku da suka zuba masa jari: Den, Aoyama da Takeuchi. A 1931 aka ƙera wata 'yar ƙarama wadda injinta bai kai cc 500 ba, aka raɗa mata Datson, wato ɗan DAT a Turance. Sai aka lura kalmar "son" a harshen Japananci tana nufin asara, ba kuwa ɗan kasuwar da zai so a liƙa wa hajarsa wannan. Aka mayar da shi Datsun, da ma hoton rana ne a tutar ƙasarsu. Attajirin nan Yoshisuke Aikawa shi ya karɓi harkar, a 1934 kuma kamfanin ya ɗauki sunan Nissan. Daga nan aka yi rabo: ƙananan motoci suna fita da sunan Datsun, manya da sunan Nissan. Da aka soma kai su ƙasashen waje bayan yaƙin duniya na biyu, Datsun aka sa a gaba kusan ko'ina. Ana yawan danganta wannan da cewa Nissan ya yi wa sojan Japan manyan motoci a lokacin yaƙi, ba a so sunan ya tayar wa Amurkawa da tsohon miki.

Ingancin da iyayenmu suke yabo koyonsa aka yi. A 1952 Nissan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Austin na Ingila, ya yi shekaru yana haɗa motocin Austin a Japan. Suka koyi aikin, suka gyara inda malamin yake da rauni, musamman yoyon baƙin mai da rikicin wuta. A ƙasar Afirka kuma aka ga sakamakon. Tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda a wancan zamanin ake yi cikin laka da duwatsu na dubban kilomita, Datsun 1600 ce ta cinye shi a 1970, sannan 240Z ta ci a 1971 da 1973. Shekhar Mehta, direban nan ɗan Kenya haifaffen Yuganda, shi ya ci na 1973, ya dawo ya ci sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982, duk a motocin wannan gida. Mai sayen mota a Afirka ba ya buƙatar tallar da ta wuce wannan.

Ita 120Y a 1973 ta fito, shekarar da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Turai da Amurka suka ruga neman mota mai shan mai kaɗan. Mu kuma a nan wannan tashin farashin ne ya cika aljihun gwamnati, aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji a 1975, malamin makaranta da akawu da ma'aikacin jinya suka iya karɓar rancen mota. Peugeot ta buɗe masana'antarta a Kaduna a wannan shekarar, 504 ta zama motar gwamnati da manyan ma'aikata da direbobin dogon zango. Beetle ta Volkswagen kuma a lokacin ana haɗa ta a Legas. Datsun ta shige tsakani, ta zama motar mai matsakaicin ƙarfi da ta 'yan tasi. Ga 120Y, ga 180B wadda ta fi ta girma, ga 160J, ga Laurel ta masu hali, ga a-kori-kura da ta yi ta dakon buhuna tsakanin ƙauye da kasuwa.

A waɗannan shekarun na shiga gareji ina yaron mota, kuma a kan 120Y na koyi ɗaure inji. Idan ka ɗaga bonet ɗinta, ta gefen injin kana hango ƙasa, hannunka yana kaiwa ko'ina. Injin da suke kira A12 ne, silinda huɗu, cc 1171, kabureta ɗaya, kwantak da koyil da fulogi huɗu. Sarƙa ce take riƙe da taimin ɗinsa, ba bel ba, saboda haka ba ka da fargabar tsinkewa a tsakiyar daji. Maigidana, Allah ya gafarta masa, da kwalin ashana yake auna tazarar kwantak idan ma'aunin ya ɓace, ya kara kunne a jikin injin, ya murɗa sukurun kabureta kaɗan kaɗan har sautin ya daidaita. Ina tuna wani malamin firamare da yake kawo tasa fara duk ƙarshen wata, ranar da aka yi albashi. Ya shimfiɗa darduma a kan dashbod don rana, ya ajiye galan ɗin ruwa a but. Shekara goma sha muna duba masa ita, ba mu taɓa sauke injin ba, sai canjin baƙin mai da fulogi da kuloci.

Amma ba zan ɓoye maka aibinta ba, domin masu ita sun sha faɗa a gabana. Kwanon jikinta siriri ne, ɗan gogar keke sai ya loɓa. Tsatsa kuwa kamar da ita aka halicce ta. Mu a Arewa busasshiyar iska ta rufa mana asiri, amma wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal shekara biyar, direba yana iya hango kwalta ta ƙarƙashin ƙafarsa. Bayanta a kan sifirin mai ganye yake, irin na a-kori-kura, don haka a kan gargada na baya suna shan jijjiga, abin da mai 504 bai san shi ba. Ba ta kai tan ɗaya ba a nauyi, idan tirela ta wuce ka da gudu sai ka ji sitiyari yana rawa a hannunka. Kujerun leda ne, a watan Afrilu sai an shimfiɗa tawul kafin a zauna. Wanda ya yi tafiyar Kano zuwa Maiduguri a kujerar baya shi zai ba ka labarin gwiwoyinsa. Duk da haka ban taɓa jin mai ita ya ce ta kwana da shi a hanya a kan abin da bakaniken ƙauye ya kasa ba.

To me ya sa aka kashe sunan da ya yi wannan farin jini? A 1981 shugabannin Nissan, ƙarƙashin Takashi Ishihara, suka yanke shawarar cewa duk duniya suna ɗaya za a riƙa amfani da shi. Abin da yake ci musu tuwo a ƙwarya shi ne Toyota da Honda sunan kamfani da sunan mota ɗaya ne, su kuwa suna sayar da miliyoyin motoci amma mai sayen bai san wane ne Nissan ba, haka ma masu zuba jari a Amurka. Aka bi abin sannu a hankali. Shi ya sa za ka ga motocin farkon shekarun 1980 ɗauke da suna biyu a bayansu, Datsun a gefe, Nissan a gefe. Zuwa 1986 an gama. Ana ƙiyasta canjin ya ci dala miliyan 500, tsakanin sauya allunan dillalai da talla da cinikin da aka rasa. A ganina kuskure ne babba, domin amincin da aka yi shekara 50 ana tarawa aka ajiye a rana ɗaya saboda son a san sunan maigida. A nan gida kuma abin ya zo daidai da faɗuwar naira bayan 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Su ma Sunny da Bluebird da suka cika tashoshinmu daga baya jikokin Datsun ne, 120Y ɗin ma ai a Japan Sunny ake kiranta.

An sake tono sunan a zamanin da Carlos Ghosn yake shugabancin Nissan. A 2013 aka nuna Datsun Go a Indiya, aka shirya sayar da ita a can da Indonesiya da Afirka ta Kudu, Rasha kuma aka yi mata nata a kan ƙirar Lada. Tunanin shi ne a yi wa talaka mota mai araha. Sai dai araha ba ta ado. A 2014 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin hatsarin motoci ta buga Go da bango, ba ta sami tauraro ko ɗaya ba, gangar jikin ta murƙushe, ba ta da jakar iskar nan mai kare direba. Daga baya an ƙara kayan kariya, amma suna ya riga ya ɓaci. Wanda ya tara kuɗin motarsa ta farko da gumi ba ya son maƙwabta su ce ya sayi motar marasa ƙarfi. Tsohuwar Datsun an saye ta ne don ƙarko, arahar ƙari ce. Aka rufe ta a Indonesiya da Rasha a 2020, a watan Afrilun 2022 kuma aka daina ƙera ta ƙarshe a Chennai ta Indiya.

Sai maganar motarka. Batun rashin kayan gyara, yayyenka suna da gaskiya ta wani gefe. Na inji ba sa wuya. Dangin wannan injin, A14 da A15, su ne a cikin ƙananan bas ɗin nan da ake kira C20, kuma a Afirka ta Kudu an ci gaba da ƙera a-kori-kurar Nissan 1400 da irinsa har 2008. Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka nemi dattawan 'yan kasuwa, ba samarin bakin hanya ba, ka tafi da tsohon abin a hannunka don a gwada. Ko injin ya ƙi gaba ɗaya, ana iya ɗora mata na C20 da ɗan gyaran mazauni da canjin kaskon baƙin mai. Abin da zai wahalar da kai shi ne gilashin gaba, fitilun baya, robobin ƙofa, dashbod da tambarin jikinta. Idan waɗannan suna nan lafiya, ka riƙe su da kyau, kada ka bar yaran gareji su ɓalle su da sukurdireba.

Saboda haka bodi shi zai yanke hukunci. Ɗage ledar ƙasa ta wajen direba da fasinja, ciro safaya taya ka duba ramin, leƙa ƙarƙashin mazaunin batir, da saman shokozoba na gaba, da inda sifirin baya ya kama jiki. Soka sukurdireba da ɗan ƙarfi. Idan ƙarfe ya amsa da ƙara, motarka tana da rai. Idan ya burma a wajen sifirin ko shokozoba, kuɗin walda zai wuce tunaninka, kuma ba zan ba ka shawarar ɗaukar iyali a ciki ba. Da yake a Funtuwa take, a ƙarƙashin rufi, ina kyautata zaton za ka same ta da sauƙi, sai dai idan rufin yana yoyo.

Roƙona ɗaya, kada ka kawo batir ka murɗa makulli don ka ji ko za ta tashi. Da yawa sun kashe lafiyayyen inji ta haka. A cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana uku ko huɗu, sannan a sa sifana a juya injin da hannu. Idan ya juya, a zubar da tsohon baƙin mai, a sauke tanki a wanke, domin fetur ɗin da ya shekara 20 ya zama danƙo. A kwance kabureta a wanke, a kai lagireto a fashe shi, a canza duk tiyon ruwa da fanbel. Kan injin alminiyum ne, zafi ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwasa shi ya ƙone gaskit. Robobin birki duka sabbi, tayoyi ma haka ko da zanensu bai goge ba. Sannan a kira rewaya ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓera ba ya raina garejin da aka daɗe ba a buɗe ba. Nemi bakaniken da ya haura shekara 50, wanda ya san kwantak, domin yaran yanzu da kwamfuta suka saba.

Game da asara kuwa, idan don ka sayar ka ci riba ne, kada ka fara. Datsun ɗin da ake saye da tsada a ƙasashen waje irin su 240Z ne da 510 (wato Datsun 1600 ɗin nan), 120Y mai ƙofa huɗu ba ta kai can ba, abin da za ka kashe zai fi abin da za a taya. Idan kuwa don ka riƙa fita da ita ranar Juma'a ne, ka kai yara gaishe da dangi a motar da kakansu ya tuƙa, kuɗin bai kai na gyaran giyar wata babbar motar zamani ba, kuma kana iya yinsa kaɗan kaɗan. Sai dai ka tuna motar nan gado ce, akwai haƙƙin kowa a ciki, har 'yan'uwanka mata da mahaifiyarku. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, a zauna a yi mata kuɗi a gaban shaidu, ka ɗora wani abu a kan tayin 'yan gwangwan don zukata su kwanta, a cire daga kasonka ko ka biya. Ka nemi takardunta na asali a cikin akwatin Baba. Idan ka duba ƙasan, ka rubuto mini abin da sukurdireba ya gaya maka, daga nan sai mu san ta inda za a fara.