Tambayi Likita: Shirin gudun kilomita 21 ga wanda aiki ya yi wa katutu

Tambayoyin wannan makon duk a kan rabin gudun fanfalaki suke, wato tseren kilomita 21.1, rabin cikakken na kilomita 42.195. Gwanayen duniya maza kan gama shi cikin ƙasa da awa ɗaya. Masu rubuto mini kuwa ba lambar yabo suke nema ba, so suke su gama lafiya su koma bakin aiki washegari da ƙafafunsu.

Likita, shekaruna 38, aikin ofis nake yi. Ina fita ƙarfe 6:30 na safe, ba na dawowa sai 8 na dare. Saura mako 14 a yi tseren, yanzu ina iya kilomita 5 da ƙyar. Na yanke shawarar tashi ƙarfe 4 kullum in yi gudu, ko da barcina zai koma awa 5. Ya kake gani?

Malam, makonni 14 sun ishe ka, amma wannan tsarin ba zai kai ka ba. Gudu ba ya gina jiki a lokacin da ake yin sa. Abin da yake yi shi ne ya gajiyar da tsoka, ya ɗan yi mata ƙananan raunuka, ya girgiza ƙashi. Gyaran da ƙarin ƙarfin suna zuwa ne daga baya, cikin hutu da barci. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, wanda ke atisaye ma ya fi kowa buƙata. Idan ka yanki awa 2 daga barcinka ka ba gudu, ka ƙara wa jiki aiki kuma ka rage masa lokacin gyara. Na taɓa yin wannan wautar ina sabon likita. Sai in sauka daga aikin kwana in ɗaura takalmi ido jajir, ina ganin jarumta ce. A mako na biyar mura ta kwantar da ni, agarata ta kumbura, na yi wata guda ina ɗingishi a tsakanin gadajen marasa lafiya.

Kwana 3 a mako sun wadatar. Biyu a ranakun aiki, minti 30 zuwa 40 kowanne, kada su zo a jere. Na ukun shi ne dogon gudu, ranar da ba ka aiki, kuma shi ne ƙashin bayan shirin gaba ɗaya. Idan mako ya cuɗe har ya zama dole ka bar wani, bar ɗaya daga cikin gajerun. Fara dogon da kilomita 6, ka riƙa ƙara kilomita ɗaya ko ɗaya da rabi duk mako, amma kowane mako na huɗu ka ja baya kaɗan jiki ya sarara. Da haka za ka kai kilomita 16 zuwa 18 saura mako 2 a yi tseren. Ba sai ka taɓa yin 21 ɗin a atisaye ba. Daga nan ka rage sosai har ranar.

Saurin fa? Nan yawancin mutane ke ɓata abin. Mai ƙarancin lokaci gani yake tunda minti 30 kawai gare shi, to sai ya ƙure kansa a cikinsu. A'a. Yawancin gudunka ya zama sassarfa ce wadda za ka iya yin magana jimla guda ba tare da haki ya katse ka ba. In ba ka iyawa, rage. Haɗa gudu da tafiya ma ba abin kunya ba ne, misali gudun minti 4, tafiyar minti 1. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, shi ya yaɗa wannan hanyar, kuma mutane da yawa da ita suke gamawa.

Dalilin wannan jan ƙafar shi ne zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, ƙashi da jijiyoyi kuwa sai an yi watanni. A mako na huɗu za ka ji numfashinka ya buɗe, zuciyarka ta ce ƙara. Ƙafarka ba ta kai can ba tukuna. Sauri ya haifi nawa.

Abu na ƙarshe: ranar da ta wuce ka ba bashi ba ce, kada ka biya ta. In taro ya cinye maka Talata, ta tafi ke nan. Kada ka ɗora ta a kan Laraba ka yi ninki.

Likita, sati 3 ke nan ƙwaurina na dama yana ciwo in na yi gudu. Nakan haɗiyi diclofenac kafin in fita, sai in ji daidai. In ci gaba?

Ɗan'uwa, ajiye maganin nan tukuna, ka zo mu duba ƙafar. Idan irinka ya shigo ofishina, nakan sa shi ya naɗe wando ya miƙe ƙafa a kan gado, in bi gefen ƙashin ƙwauri ta ciki da babban yatsana tun daga idon sawu zuwa sama. Wani zai ce duk wurin ne ke ciwo, tsawon tafin hannu ko fiye. Wannan galibi kumburin wurin da tsoka ta manne da ƙashi ne, kuma rage gudu na mako 2 zuwa 3 yana kwantar da shi. Wani kuwa shiru zai yi har sai yatsana ya sauka a kan wani ɗan wuri guda, sai ya zabura ya riƙe mini hannu. Sai in ce ya tashi ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai. In ya kasa, ko ya ce ciwon na damunsa har da dare yana kwance, tsagewar ƙashi nake zargi, irin wadda yawan dukan ƙasa ke jawowa a hankali. Hoton ƙashi na yau da kullum kan kasa nuna ta a makonnin farko, shi ya sa wani lokaci sai an yi MRI, wato hoton na'ura da ke nuna cikin ƙashi da tsoka dalla-dalla. Ita wannan hutun mako 6 zuwa 8 take ci, wani lokaci fiye, kuma wanda ya ci gaba da gudu a kanta yana iya mai da ita cikakkiyar karaya.

Maganin da kake sha rufe bakin ciwon kawai yake yi, ƙashin na ci gaba da lalacewa. Ga wata matsalar kuma: diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke isa ƙoda. Dogon gudu ma yana rage shi, gumi ya ƙara. Haɗuwar ukun na iya taɓa ƙoda, ban da gyambon ciki. Kada ka sha su kafin gudu ko a tsakiyarsa.

Ka je a duba ka a wannan makon. Kafin nan keke ko iyo za su riƙe maka numfashinka. Ka kuma juya takalminka ka ga ƙasansa, yawancinsu sun gaji bayan kilomita 500 zuwa 800.

Likita, maigidana shekarunsa 52, yana da hawan jini da ciwon suga, ya dage sai ya shiga tseren da abokan aikinsa. Ni dai tsoro nake ji, ana cewa mutane na yanke jiki su faɗi.

Hajiya, tsoronki na da tushe, amma bari in ba ki girman abin. Wani bincike da ya fito a 2012 ya bi tseren fanfalaki da rabinsa a Amurka daga 2000 zuwa 2010. Cikin mutum miliyan 10.9 da suka yi gudun, 59 ne zuciyarsu ta tsaya, 19 daga ciki a tseren kilomita 21. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Sai dai maza sun fi yawa a cikinsu, kuma a masu shekarun Alhaji toshewar jijiyoyin zuciya ce aka fi samu. Ciwon suga kuma kan ɓoye alamunta, mutum na ɗauke da ita ba ya jin ciwon ƙirji.

Don haka ban ce ki hana shi ba, motsa jiki magani ne ga cututtukan nan biyu. Cewa na yi ya fara da likitansa kafin ya fara da takalmi. A auna jininsa, a yi masa gwajin zuciya na ECG, in likitan ya ga dalili a ɗora shi kan injin tafiya a ga yadda zuciyar ke yi da wahala. Idan jinin yana kaiwa 180 bisa 110, babu gudu sai ya sauko.

A duba magungunansa ma. Insulin da glibenclamide suna iya faɗar da suga a tsakiyar gudu ko awanni bayansa, har cikin dare. Metformin shi kaɗai bai cika yin haka ba. Ya auna suga kafin ya fita, in bai kai 5 ba a ma'aunin mmol/L (wato 90 a ma'aunin mg/dL) ya ci wani abu tukuna, kuma ya riƙe abin zaƙi a aljihu. Bayan kowane gudu ya cire safa ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don bororon mai suga ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya ya rikice, ko haki fiye da na kullum, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wannan kam ki riƙe shi da kyau, don maza sun iya cewa "ba komai".

Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekaruna 29. Wata 2 ina atisaye amma maimakon in ƙara ƙarfi sai raguwa nake, ko hawa bene sai na huta. Na kuma rage cin abinci don in rage ƙiba.

Ƙanwata, ke ma kin san amsar da za ki ba wata in ta faɗa miki haka. Je ki auna jini, ki nemi a haɗa da ferritin, wato gwajin ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, domin ajiyar kan ƙare tun kafin awon jini ya nuna ƙasa. Mata masu gudu sun fi kowa fuskantar wannan, musamman in al'ada na zuwa da yawa. Kada ki fara shan ƙwayar ƙarin jini da ka, a tabbatar tukuna. Sannan ki daina haɗa yunwa da ƙarin kilomita. Jikin da ba ya samun isasshen abinci yakan fara tsimi, kuma in al'adarki ta fara tsallake wata ko ta ɗauke, alama ce ta cewa ƙashinki ma yana biyan kuɗin. Ranar da kika sauka daga aikin kwana, barci ne atisayenki.

An ce mini ranar tsere in sha ruwa iya iyawata tun kafin ƙishi ya zo. Haka ne, likita?

Ba haka ba ne, kuma shawarar nan ta taɓa kashe mutane. Idan ruwan da ka sha ya fi wanda ka zubar, gishirin jini kan tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A tseren fanfalaki na birnin Boston na 2002 an auna jinin mutum 488 bayan sun gama, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirinsu ya yi ƙasa. Waɗanda suka fi shiga ciki su ne masu tafiya a hankali suna tsayawa a kowane teburin ruwa, har nauyinsu ya ƙaru a kan hanya. Alamunsa ciwon kai, amai, kumburin yatsu da ruɗewa, sai a ɗauka ƙishi ne a ƙara ɗura wa mutum ruwa.

Sha in ka ji ƙishi. In kana son sanin naka ma'aunin, hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Abinci kuma, sugan da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan yi ƙasa bayan kamar minti 90, don haka mai gamawa a awa 2 ko fiye ya riƙa cin giram 30 zuwa 60 na abin zaƙi ko sitaci a kowace awa. Duk wannan ka gwada shi a dogayen gudunka. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sabon takalmi ma ya jira bayan tsere.

Gaskiya ne gudu yana cinye gwiwa?

Ga mai gwiwa lafiyayya da ke gudu daidai wa daida, a'a. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya samu amosanin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun nishaɗi, amma kashi 10.2 a marasa motsa jiki. Sau da yawa ciwon gwiwar sabon mai gudu na da alaƙa da rashin ƙarfin tsokar cinya da ɗuwawu. Abin da ke ƙarfafa su shi ne minti 15 sau 2 a mako na tsuguno da miƙewa, hawa da sauka a matakala, da ɗage a kan yatsu, ana yin su a ɗaki ko yara na barci.

Likita, saura kwana 6 a yi tseren sai ga zazzaɓi da ciwon jiki. Na biya kuɗin rajista, na yi wata 4 ina shiri.

Sannu, Allah ya sawwaƙe. Da yoyon hanci ne kawai ko atishawa, da na ce ka ɗan sassarfa ka ji yadda jiki zai ce. Zazzaɓi kuwa ba a gudu da shi, don yana ɗaga zafin jiki da bugun zuciya tun kana zaune, kuma wasu ƙwayoyin cutar kan kumbura tsokar zuciya, wahala ta ƙara tsananta abin. Je a gano musabbabinsa a yi magani. Bayan ya sauka da kansa, ba don ka sha paracetamol ba, ka ba shi aƙalla kwana 2, sannan ka gwada sassarfar minti 20. In ka ji ƙirji, ko haki, ko bugun zuciyarka na safe har yanzu ya fi yadda ka saba, ka bar wannan tseren. Ƙarfin wata 4 ba ya zubewa cikin mako 2, sai ka nemi wani tseren nan da mako 6 ko 8, ka koma dogon gudunka daga kilomita 10.