Shin Takardar Tambayoyi Za Ta Iya Auna Zaman Aure?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Shekararmu tara da aure. Kwanan baya na cike wata takardar tambayoyi da aka ce masana halayyar ɗan Adam ne suka tsara ta domin auna gamsuwar ma'aurata, sai makina ya fito ƙasa ƙwarai, alhali ni da maigidana ko sau ɗaya maganarmu ba ta taɓa kaiwa gaban iyaye ba. Shin aurena ya kusa mutuwa ke nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin masanan da kansu sun raba abu biyu: jin daɗin aure daban, ɗorewarsa daban. Akwai matar da take zaman haƙuri shekara talatin saboda 'ya'ya, akwai kuma auren da ake jin daɗinsa amma ya rushe cikin shekara guda.

Mafi shaharar waɗannan takardu a Amurka aka tsara su. Locke da Wallace sun fitar da tasu mai tambaya 15 a 1959, sannan Graham Spanier ya fitar da mai tambaya 32 a 1976, wadda ke duba fahimtar juna, gamsuwa, shaƙuwa da nuna ƙauna. Domin auna barazanar rabuwa kuwa, Booth da abokan aikinsa sun tsara wata dabam a 1983, wadda ke tambaya ko an taɓa tunanin saki ko an yi maganarsa da wani.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne inda tambayoyin suka fito. Takardar Spanier tana tambaya sau nawa ɗayanku ke barin gida bayan faɗa, wanda a wurinmu ya yi kama da yaji, tana kuma tambayar yadda kuke mu'amala da surukai. Amma ba ta san kishiya ba, ba ta san rabon kwana ba, kuma tana ba da maki a kan yawan sumbatar juna, tambayar da matan Hausawa da yawa za su ji nauyin amsa ta tsakani da Allah. Haka nan, amsar da kika bayar ranar da kuɗin cefane ya gaza ba ita za ki bayar ranar Salla ba.

Duk da haka ban ce ki yi watsi da sakamakon ba. Ki koma ki duba tambayoyin da kika fi samun ƙarancin maki a cikinsu, ki zaɓi guda ɗaya, ko da ta sha'anin kuɗi ce, ki tayar wa maigida da maganar bayan sallar isha'i, lokacin da yara suka yi barci.