Yadda mace ke fitar da jaridar mako a zamanin haruffan darma

Tambaya: Na ji an ce a ƙananan garuruwan Amurka mata sun riƙe jaridun mako-mako tun kafin zuwan kwamfuta. Yaya aikin yake, kuma daga ina kuɗi ke shigowa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Haka ne, Malama. Wasunsu ma gadon aikin suka yi, kamar Elizabeth Timothy da ta karɓi South Carolina Gazette bayan rasuwar mijinta a 1738.

Nauyin aikin yana wajen jera haruffa. Kowane harafi ɗan guntun darma ne da ke da gurbinsa a akwati. Ɗaya bayan ɗaya mai jaridar za ta tsinto su ta jera a ɗan ƙarfen da ke hannunta na hagu, a juye, ta cusa siraran darma tsakanin kalmomi har layin ya matse. In shafi ya cika sai ta ɗaure shi cikin firam na ƙarfe da 'yan katakai. Nan ake asara: in ɗaurin ya yi sako-sako, ana ɗaga firam haruffan za su zube ƙasa, aikin yini ya tafi. Takarda kuwa tun daren jiya ake yayyafa mata ruwa don ta karɓi tawada. Abin shafa tawadar da gam da maɗin rake ake yinsa, zafi ya narkar da shi, sanyi ya sandarar. An gama bugu, sai a wanke haruffan da ruwan toka, a mayar da kowanne gurbinsa, in ba haka ba mako mai zuwa babu abin jerawa. Na'urar Linotype ta 1886, mai zuba layin haruffa gaba ɗaya da narkakkiyar darma, ta rage wannan wahala, amma ta yi wa ƙananan jaridu da yawa tsada.

Kuɗin masu saye bai riƙe jarida, wasu ma da itace ko ƙwai suke biya. Talla, sanarwar kotu da ta hukuma, da buga katin gayyata su ne abin dogaro. Wannan dogaron yana da haɗari. Hazel Brannon Smith, mai Lexington Advertiser a jihar Misisifi, ta yi rubutu kan zaluntar baƙar fata, sai masu talla suka janye, aka kafa wata jarida don a karya ta. Ta ci Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 1964, amma bashi ya ci gaba da binta har jaridar ta kuɓuce mata.