Makullin zamani a garin da wuta ba ta zama

Tambaya: Malam, ina son sa wa ƙofar gidana makullin da ake buɗewa da waya ko yatsa. Idan aka ɗauke wuta fa? Daga wani magidanci, Badariya, Birnin Kebbi.

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. Yawancinsu batir AA suke ci, ba ruwansu da NEPA. Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu da ruwan damina, don haka nemi mai lambar IP65, wato alamar cewa yana jure ƙura da ruwa. Mai Wi-Fi yana saurin cinye batir, na fi son mai Bluetooth. Ka kuma tuna da uwargida: sabon lalle ko jiƙaƙƙen yatsa kan hana makullin gane ta. Kada ka sayi wanda ba shi da lambobin sirri da ramin ɗan makulli. Kafin ka biya, kira mai walda ya auna kaurin ƙofar.