Idan Hausawa Sun Koma Mars, Wane Wata Za Su Duba?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Shara Mansur a Makka, ina rubuta labarai a waya. Na fara wani a kan iyalin Hausawa da suka koma duniyar Mars, amma yayana ya ce tatsuniya ce, ba mai karantawa. Yaya zan sa ya zama kamar gaske, kuma ina zan fitar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wasiƙarki ta faranta min rai, kada ki ajiye labarin nan.

Ki gaya wa yayanki cewa Rayyana Barnawi, haifaffiyar nan Jidda, ta je tashar sararin samaniya a 2023, kuma tun 1985 Yarima Sultan bin Salman ya riga ta hawa sararin samaniya, a jirgin Discovery. Tashar tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, rana na fito musu sau 16 a yini. Shi ya sa da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar zai tafi a 2007, cikin azumi, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka rubuta masa yadda zai yi salla da fuskantar alƙibla. To ke ma abin da za ki zauna a kai ke nan.

Yinin Mars awa 24 ne da minti 39, shekararta kwana 687. Watannin da ke samanta biyu ne, kuma babban, Fobos, daga yamma yake fitowa ya faɗi a gabas, sau biyu a yini. Wanne tsohuwar gidan za ta duba ta ɗauki azumi? Alƙibla kuwa, duniyarmu gaba ɗaya, da Ka'aba a cikinta, ɗigon haske ce kamar tauraro. Ki tsayar da yarinyar da ta tashi tana jin kiran sallar Harami daga tagar ɗakinsu, tana neman wannan ɗigon da magariba, ga faɗuwar rana shuɗiya, don haka take a can.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waya. Saƙo tsakanin nan da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisa. Ba hira ke nan. Ta ce "Umma, ina kwana?" sai ta jira, wani lokaci sama da minti 40, kafin ta ji "lafiya lau". Mu da muka yi shekaru muna aika kaset ɗin murya gida ta hannun alhazai mun san zafin wannan jira. Kada ki ƙirƙiro na'urar da za ta share shi, don a nan ne mai karatu zai yi hawaye.

Ƙarya ɗaya na yarje miki, misali jirgi mai saurin da ba a ƙera ba tukuna. Sauran duk ki lissafa: ruwansu, iskar shaƙarsu, abincinsu.

Batun fitarwa, ki fara sa shi babi-babi a Wattpad, manhajar sa labarai da karanta su, ko zaurukan marubuta na WhatsApp, da sunanki a kan kowane shafi, don ana kwashe rubutu. Akwai kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata. Ki duba sharuɗɗanta. Babin farko dai ki turo min, ina son ganin yadda tsohuwar nan za ta yi da wata biyu.