Gwal mai duwatsu: me ya sa ake rage masa nauyi, kuma duwatsun ke zubewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A lefena an sako min saitin gwal na Dubai mai ƙananan fararen duwatsu, sarƙa da 'yan kunne da zobe. Bai kai shekara biyu ba duwatsu uku suka fita daga zoben. Da na kai kasuwa a yi masa kuɗi, sai aka zabtare giram da yawa. Cutata aka yi, ko haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mai sayen bai cuce ki ba. Idan akwai asara, tun ranar da aka sayo saitin aka yi ta.

Yawancin fararen duwatsun da ake jerawa a irin wannan saiti zirkon ne (cubic zirconia), dutsen da ake haɗawa a masana'anta, ba daimon ba. Yana walƙiya sosai, amma ba shi da kuɗi idan an zo sayarwa, ga shi da nauyi, don ya fi daimon nauyi da fiye da rabi. A shaguna da yawa ana ɗora saitin kan sikeli da duwatsunsa, a biya duka a farashin gwal. Mai saye kuwa narkarwa zai yi, dole ya cire dutse. A ce saitin giram 40 ne, duwatsu sun ci giram 5, to giram 35 za a biya ki. Kuɗin aikin da aka biya a shago shi ma ba ya dawowa.

Batun zubewa kuma, duba cikin zoben ki ga lambar da aka buga. Idan 875 ce, karat 21 ne. 916 karat 22. 750 karat 18. Karat shi ne ma'aunin tsabtar gwal, kuma gwal yana ƙara laushi gwargwadon tsabtarsa. 'Yan faratan da ke riƙe da dutse a karat 21 ko 22 suna saurin lanƙwashewa da cinyewa, musamman a zobe, wanda kullum yake gogar ƙofa da tukunya da bokiti. Shi ya sa masu saka daimon na gaske suka fi son karat 18. A ganina mai son duwatsu ta nemi 18, mai son ajiyar dukiya ta ɗauki 21 ko 22 zalla, babu dutse ko ɗaya.

Abin da za ki yi yanzu: taɓa kowane dutse da tsinken sakace. Wanda ya motsa, ko faratan da ke kama zaren mayafi, ki kai wa maƙerin gwal ya matse su ya cike gurbin ukun. Kada ki yarda a liƙa da gam, zai saki, kuma yana dusashe hasken dutsen.

Wajen wanki, ruwan ɗumi da ɗan sabulu mai laushi a cikin kwano, ki jiƙa minti 10 zuwa 15, ki goge bayan duwatsun da buroshin haƙori mai taushi, domin a nan mai da hoda ke taruwa. Ki nisanta shi da bilic, yana cin ƙarafan da aka gauraya da gwal har faratan su karye. Ki gama shafa mai da humra kafin ki saka, ki cire zobe kafin girki da wanki.

Nan gaba kuma, kafin a biya, a sa mai shago ya rubuta nauyin gwal daban, na duwatsu daban a rasit.