Amsar maigida ga yaronsa kan haɗa injin haƙar Bitcoin a gida

Ka tambaye ni ko za ka iya sayen ƙwayoyin aisi na musamman, waɗanda ake kira ASIC, ka haɗa injin haƙar Bitcoin da hannunka a ɗakinka, tunda yanzu kana iya ɗaga aisi daga allon waya ka mayar ba tare da ka ƙona na kusa da shi ba. Da wani ne ya kawo mini wannan magana, da na ce ya koma wurin waɗanda suka zuga shi, amma kai a hannuna kake, kuma aikin nan ya taɓa cin kuɗina, saboda haka zan amsa maka sau ɗaya.

Ka fara cire abin da abokanka suke yi daga lissafi. Dannan fuskar waya da suka kwana suna yi a 2024 a kan wasan Hamster Kombat na Telegram, suna kiran kansu 'yan mainin, ba shi da haɗi da haƙa. Haƙar Bitcoin lissafi ne guda ɗaya mai suna SHA-256, wanda inji yake maimaitawa yana sauya lamba har ya dace, duniya duka tana tsere a kansa, kuma kusan kowane minti 10 ɓangare ɗaya ne kawai yake ɗaukar ladan. Tun 2013 da aka fito da ƙwayoyin da ba su san komai ba sai wannan lissafi, kwamfutar gida ta fita daga tseren.

Ba zan ɓata bakina a kan ɗaura fanka da jona wayar intanet ba, wanda bai san wannan ba ya koma shara. Abin da ya kamata ka sani shi ne yadda ƙwayoyin suke zaune. Injin Antminer S9 na kamfanin Bitmain, wanda ya fito a 2016, yana da alluna uku, kowane allo da ƙwaya 63 ta BM1387, jimla 189. A kowane allo an jera su uku-uku a rukuni 21, wuta tana ratsa rukunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana samun abin da bai kai rabin bolt ba, saƙo kuma yana bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ta yadda idan guda ta mutu a tsakiya, duk na bayanta sun ɓace wa injin. Kamfanin ba ya wallafa takardar bayanin ƙwayoyinsa, kuma da yawa daga waɗanda ake tallatawa a intanet an ciro su ne daga tsofaffin alluna aka goge.

A nan ne aka cuce ni. A ƙarshen 2021, bayan Sin ta hana haƙa a ƙasarta tsofaffin injuna suka bazu a duniya, lokacin da Bitcoin ya haura dala 60,000 kowa ya haukace, wani mutum mai babbar riga da babbar mota ya sauke mini tarin S9 a ƙofar shago, rabin allunan a mace. Ya ce in gyara, in sayi kayan da aljihuna tunda ni na san mai kyau, zai biya duka idan sun tashi. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ne ya kawo shi, shi ya sa ban nemi kuɗin kaya ba, ban kuma sa an rubuta takarda ba. Na yi odar ƙwayoyi da dala, na ajiye inbatocin mutanen da suka saba biyana a kan lokaci, na zauna da mita ina bin rukuni ɗaya bayan ɗaya, ina ɓamɓare ƙarfen alminiyam da aka manne a bayan kowace ƙwaya, ina hura iska mai zafi, ina shafa dalma, har idona ya fara ganin biyu-biyu. Na kunna su a gabansa, kowane allo ya ƙirga 63 cif. Ya yi ta sa albarka, ya kwashe, ya ce ƙarshen wata.

Na gaya masa da bakina cewa kowane ɗaya yana cin wat 1,300 da ɗoriya, kuma duk wannan wuta zafi take komawa, don haka sai wuri mai mashigar iska da mafitarta, nesa da ƙura. Shi kuwa sai ya zuba su a gareji ya rufe ƙofa, saboda maƙwabta sun yi ƙorafin ƙara, ya jona su da janareta, ya kuma samo wani yaro irinku ya sa musu manhajar da ke tilasta wa ƙwaya gudu fiye da ƙimarta. Suka sha ƙurar hunturu, bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40, alluna suka fara mutuwa. Ƙarshen wata kuma ya yi ta haihuwar wani ƙarshen watan. Da farashi ya faɗo ƙasa da dala 20,000 a tsakiyar 2022, ya ga ko injunan suna lafiya ba za su mayar da kuɗin mai ba, sai ya dawo da su a buhu, yana ɗaga murya a gaban jama'a wai na sa masa jabun kaya. Na buɗe ɗaya a gaban shugabannin kasuwa, ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya kamar an yi yaɓe, na nuna musu manhajar da aka sauya. Kowa ya gane gaskiya, amma sulhu irin namu ka san shi: aka ce in yi haƙuri, shi ya ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da ya sawwaƙa bai kai kuɗin jigilar ƙwayoyin ba. Kuɗin na daina ƙirgawa, kalmar jabu ce har yau take ci mini rai, domin ni ne na koya wa rabin masu gyaran layin nan bambance sabuwar aisi da gogaggiya.

Ku yaran yanzu bidiyo kuke kallo, ba ku riƙe biro. To, riƙe. Injin Antminer S19 da ya fito a 2020 yana cin wat 3,250, wato yunit 78 a kwana ɗaya. A Afrilun 2024 yunit ɗaya na wutar lantarki a rukunin Band A ya haura naira 200, ka ga kuɗin wuta kaɗai ya wuce naira 15,000 kullum, idan ma an bar maka wutar awa 24, kuma a wannan Afrilun ne ladan haƙa ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Masu cin riba suna zaune ne inda wuta take da arha ƙwarai, kusa da madatsun ruwa ko rijiyoyin iskar gas. Da janareta kuwa ba sai na yi maka lissafi ba, kuma wayar ɗakinka ba za ta ɗauki wannan nauyi dare da rana ba.

Idan koyo kake so, akwai hanya guda da na yarda da ita. Akwai ƙaramin inji mai suna Bitaxe, wanda aka saki zanensa kyauta ga kowa, ƙwaya ɗaya tak yake ɗauka, ƙaramar ƙwaƙwalwar ESP32 ce take tafiyar da shi, da bolt 5 yake aiki, kuma cinsa bai wuce wat 20 ba, sola da batir sun ishe shi. Ka sayi haɗaɗɗe tukuna, ka auna shi, ka ga yadda zafi yake hawa idan ka ƙara masa gudu, sannan ka yi odar allo tsirara ka ɗora ƙwaya da kanka. Kada ka sa ran kuɗi: idan ka shiga gungun masu haɗa ƙarfi su raba lada, rabonka ba zai sayi katin waya ba, idan kuma kai kaɗai ne, a lissafi sai ka jira dubban shekaru. Na'urar hura iskata ba za ta bar shago ba, sai dai ka yi aikin a nan bayan la'asar ina kallo. Duk wanda kuma ya kawo maka allon haƙa gyara, ko limamin unguwarku ne ya rako shi, ya ajiye kuɗin ƙwayoyi kafin ka kwance noti ɗaya, a kuma rubuta cewa da zarar injin ya tashi a gabansa ya fita daga wuyanka.